Babi na Tara: Ƙidayar Waɗanda Ba Su Farka Ba

A ranar 28 ga Janairu 1848, wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Hannah Greener ta rasu a kusa da Newcastle ta Ingila, bayan an shaƙa mata kulorofom don a cire mata farcen ƙafa. A lokacin ko wata uku ba a cika ba da fara sa mutane barci da wannan magani. Likitoci suka yi ta musu: maganin ne ya kashe ta, ko ruwa da barasar da aka ɗura mata don ta farfaɗo? Gawa ɗaya ba ta raba irin wannan gardama, sai an ƙidaya.

Ƙidaya mai nauyi ta zo a 1954, lokacin da Henry Beecher da Donald Todd suka bi diddigin tiyata kusan 600,000 da aka yi a asibitocin jami'o'i goma na Amurka daga 1948 zuwa 1952. Abin da ya tayar da ƙura shi ne kurare, dafin da mafarautan Kudancin Amurka ke shafa wa kibiya, wanda likitoci suka mayar maganin sakin tsoka. Cikin waɗanda aka ba shi, mutum ɗaya cikin 370 ya mutu sanadiyyar sa barcin da aka yi masa. Cikin waɗanda ba a ba su ba, ɗaya cikin 2,100. Beecher ya ɗora wa maganin laifi. Wasu likitocin suka ce a'a: kurare yana kashe ƙarfin numfashi, kuma ana barin majiyyaci ya yi numfashi da kansa tun maganin bai sake shi ba. Alƙaluman sun nuna akwai matsala, amma ba su faɗi inda take ba. Ba a daina amfani da magungunan sakin tsoka ba. An dai koyi taya majiyyaci numfashi da kuma karya ƙarfin maganin kafin a tashe shi.

A yau haɗarin ya fi yawa bayan an fito daga ɗakin tiyata. Binciken da Bruce Biccard ya jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2018, ya duba majiyyata 11,422 a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya. Sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin wasu cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyatar da aka tsara ya ninka biyu. Kusan duk waɗanda suka rasu, ba ranar aikin suka rasu ba. A kan gadon jinya ne ciwon ya ruɓe ko jini ya ɓalle, ba a lura da wuri ba.

Sai masu binciken suka gwada ƙara sa ido kan majiyyatan da suka fi shiga haɗari, har da matso da gadonsu kusa da teburin nas. Sakamakon ya fito a 2021: mace-macen ba su ragu ba.