Yadda Ake Gyara Cikin Tsohuwar Kwantena

Duk wanda yake bin bakin titi zuwa makaranta yana ganin kwantena. Wata an mai da ita shagon aski, wata wurin cajin waya, wata kuma ɗakin maigadi. Asalinta akwatin ƙarfe ce ta ɗaukar kaya a jirgin ruwa. Wani ɗan Amurka, Malcom McLean, shi ya fara jigila da irinta a 1956, lokacin da ya ɗora guda 58 a jirgi ɗaya. Yawancin namu ta tashoshin Legas suke shigowa, kamar Apapa. Ƙaramar tana da tsawon ƙafa 20 da faɗin ƙafa 8, wato kusan girman ɗaki ɗaya ke nan.

To amma an yi ta ne don kaya, ba don mutane ba. Shi ya sa muke ganin kuskure ne mutum ya sayo tsohuwa ya fara da shafa mata fenti. Fenti shi ne aikin ƙarshe.

Farko a ɗora ta a kan bulo ko dakalin siminti, don ruwan sama ya riƙa wucewa ta ƙarƙashi. Sai a nemi inda take yoyo. Dabarar mai sauƙi ce: a shiga da rana tsaka a rufe ƙofa, duk inda aka ga ɗigon haske, nan rami yake, sai a zagaye shi da alli. Amma dole wani babba ya tsaya a waje, domin ƙofar kwantena daga waje kawai ake buɗe ta. Wannan ba abin wasan yara ba ne ko kaɗan.

Daga nan sai mai walda ya toshe ramukan, ya yanka taga a ɓangarori biyu masu kallon juna don iska ta ratsa. Bangon kwantena yana da lanƙwasa-lanƙwasa, kuma ita ce ƙarfinsa. Idan an yanke wani wuri, sai an zagaye shi da ƙarfe mai kauri, in ba haka ba bangon zai saki. Duk aikin walda a gama shi kafin a shigar da katako ko soso, saboda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara.

Tsatsa kuwa mu ma za mu iya taimakawa. Ana kankare ta da burushin ƙarfe da samfefa, a goge ƙurar, a shafa jan fentin nan na maganin tsatsa. A rufe hanci da ƙyalle, a bar ƙofa a buɗe.

Babbar matsalar ita ce zafi. Mun koya a darasin kimiyya cewa ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri ya kai shi ciki. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari kan kai digiri 40, cikin kwantenar da ba a gyara ba ya fi waje zafi sosai. Maganin farko yana sama: a yi mata rumfar kwano ko ta zana, a bar tazara tsakaninta da rufin don iska ta wuce. Farin fenti a waje shi ma yana mayar da hasken rana. A ciki kuma kafinta zai kafa sandunan katako a jikin bango, a cusa soso a tsakaninsu, sannan a rufe da silin ko falanki. A nan kuɗi suka fi tafiya, kuma a nan mutane suka fi yin rowa. A ganinmu gara a haƙura da tayil a yi wannan.

Ƙasan kwantena katako ne mai kauri, kuma sau da yawa an sa masa maganin ƙwari tun daga kamfani. Ba a kuma san irin kayan da ta ɗauka a baya ba. Saboda haka a wanke, a bari ya bushe, a canza inda ya ruɓe, a shimfiɗa leda ko tayil a kai.

Wayar wuta aikin gwani ce. Ɗakin duk ƙarfe ne, idan waya ɗaya ta kware ta taɓa bango, duk wanda ya dafa ƙofa wuta za ta ja shi. Dole wayoyi su bi ta cikin bututun roba, a kuma haɗa jikin kwantenar da sandar ƙarfe da aka binne a ƙasa. Janareta kuma a waje ake ajiye shi, nesa da taga, don hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri.

Bayan duk wannan ne ake kafa kanta, a sa labule, a zaɓi launin fenti. Mai haske ya fi, domin yana sa ɗan ƙaramin ɗaki ya zama kamar ya ƙara faɗi.