Autanmu Ba Taurin Kai Ke Gare Shi Ba

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin ƙanina ne, autan Innarmu.

A Warra aka haife mu, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, a bakin tafkin Kainji. Tun Auta na shekara biyar unguwa ta san da zamansa. A aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana. A aji ba ya minti biyar a kan benci, littafinsa kuwa kullum sai ya ɓace. Ya sha bulala a makaranta, ya sha a gida, ni kaina na sha ranƙwashinsa, Allah Ya yafe mini. Wasu suka ce sangarta ce, wasu suka ce iskoki ne. Inna kan yi tagumi ta ce, "Ni 'yasu, mi na yi wa yaron ga?"

Ranar da hankalinmu ya tashi, yana shekara takwas, ya hango wani kwale-kwale ya kwance daga gaɓa, kawai sai ya faɗa ruwa zai kamo shi. Ba don wani masunci ya finciko shi ba, da sai dai labari. Duk wanda ya tuna jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayu na 2021 da ɗimbin mutane, ya san ruwan nan ba abokin wasa ba ne. Da na tambaye shi dalili, yana kuka ya ce, "Wallahi Yaya, sai da na faɗa na tuna."

Wannan magana ita ta sa kawunmu ya dage a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato. Da farko Inna ta ƙi, ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne. Da ƙyar ta yarda muka bi ta Yawuri, Koko da Jega muka isa.

Likita ya ce ba hauka ba ne, ba kuma laifin tarbiyyar Inna ba ne. Lalura ce ta ƙarancin natsuwa, wadda likitoci ke kira ADHD. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ce wa mutum "dakata tukuna" shi ne ba ya aiki da sauri kamar na sauran yara, kuma galibi gadonta ake yi. Ashe tun 1902 wani likita a Ingila, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yara, kuma a duniya kusan yara 5 cikin 100 suna da ita. Ba kowane mai ƙiriniya ba ne ke da ita: sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, kuma ana ganinsu a gida da makaranta.

Abin da ya fi taɓa ni, 'yar uwa, shi ne ya ce a wurin 'ya'ya mata ba lallai a ga tsalle-tsalle ba. Yarinya ce shiru, malami na karatu hankalinta na wani wuri, ta bar tuwo ya ƙone, a yi ta ce mata sakarya. Kina da irinta a ajinku? Ko kuwa ke ce?

Da muka dawo sai muka sauya salo. In zan aike shi, sai na dafa kafaɗarsa, na kalli idonsa, na faɗi abu ɗaya tak, ya maimaita mini. Karatu muna yin minti goma, ya tashi ya zagaya, ya dawo. Lokacin barci da na tashi ba ya canzawa. Na roƙi malaminsu ya dawo da shi layin gaba, nesa da taga. In ya yi daidai, nan take nake yaba masa. Bakin ruwa kuwa ba ya zuwa sai da babba. Akwai magani, amma likita kaɗai ke da ikon rubuta shi. Kada ki kuskura ki je kemis da kanki.

Yanzu Auta na iya awa guda yana gyaran raga tare da masunta, ya bambance miki karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa tun daga nesa. Har yau yana mantuwa, amma ya daina cewa shi daƙiƙi ne.

Don haka 'yar uwa, kafin ki ɗaga hannu a kan ƙaninki ko ƙanwarki, tsaya ki tambayi kanki: ƙin yi ya yi, ko kasawa? Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.