Badagry a damina: Tafiyar abokai da jaka a baya

A Abuja, ruwan sama kan zo da iska, ya zuba, ya ɗauke. A Badagry, garin bakin teku da ke yammacin Jihar Legas daf da iyakar Seme, ruwa na iya wuni yana sauka a watannin Yuni da Yuli. Abokan aikin da suka ɗauki hutu tare, kowa da jakarsa a baya, dole su bar yanayi ya tsara musu yawonsu.

Idan hadari ya haɗu, zama cikin gari ya fi. Akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, da kurkukun bayi na Seriki Abass, da gidan tarihin iyalan Mobee mai ɗauke da sarƙoƙin da aka ɗaure mutane da su.

Tsibirin Gberefu kuwa sai an ƙetara a kwalekwale, sannan a taka rairayi zuwa gaɓar da aka riƙa loda bayi a jirage. A nan gardama kan tashi: mai komawa ofis ranar Litinin yana matsa a haye ko da sama ta murtuke. Abin da ya fi shi ne a jira gari ya washe, kowa ya sa rigar kariya, a dawo kafin magariba. Teku a damina ba wurin wanka ba ne.

Mai damar zaɓen lokacin hutunsa ya nemi Agusta, lokacin da ruwa kan ɗan tsagaita a Legas.