Horar Da Jami'an Da Ke Taimakon Masu Renon Yara

A kowace safiya a birnin Bauci, daga Wunti zuwa Yelwa, daga Jahun zuwa Fadaman Mada, iyaye da yawa sukan damƙa 'ya'yansu ƙanana a hannun wata mata kafin su wuce ofis, ko asibiti, ko Kasuwar Muda Lawal. Wannan mata ita ce mai reno, ko malamar ajin share fage. A bayanta kuwa akwai wani ma'aikaci da iyaye ba su cika gani ba, wato jami'in da ke ziyartar ta, yana duba aikinta, yana kuma ba ta shawara. Manufar wannan ƙasida ita ce a bayyana wa jama'a dalilin da ya sa shi ma wannan jami'i ya wajaba a horar da shi, da kuma irin horon da ya kamace shi.

Asalin Al'amarin

A shekarar 1976 aka ƙirƙiro Jihar Bauci, a shekarar ne kuma aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci ilmin share fagen firamare, amma ta bar buɗe irin waɗannan makarantu a hannun masu zaman kansu, gwamnati kuwa ta tsaya ga sa ido. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ce ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilmin matakin farko, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi. A 2007 aka fito da manufar ƙasa game da raya ƙananan yara, wadda ta haɗa lafiya da abinci da ilmi wuri guda. Bugun Manufar Ilmi na 2013 kuma ya tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya.

Da azuzuwa suka ƙaru, sai masu reno suka ƙaru, akasarinsu kuwa ba su taɓa yin kwas na musamman a kan renon yara ba. Nan ne aikin jami'in taimako ya zama babba.

Su Wane Ne Waɗannan Jami'ai?

Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha, wadda aka fi sani da SUBEB, tana da hedkwatarta a Bauci, tana kuma aiki ta hannun hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi 20 na jihar. A ƙarƙashinsu ne ake samun jami'an taimakon makarantu da jami'an tabbatar da ingancin ilmi. Haka kuma shugabannin makarantu, da malaman kwalejojin ilmi irin na Azare da Kangere, da ma'aikatan lafiya na unguwa, duk suna cikin masu riƙa wa mai reno.

Galibin waɗannan jami'ai tsofaffin malaman firamare ne. Sun ƙware wajen alli da allo, amma yaro ɗan shekara uku ba ɗalibin aji huɗu ba ne. Idan jami'in da bai san wannan bambanci ba ya shiga aji ya tarar da yara suna wasa da yashi ko suna waƙa, yana iya ɗauka ɓata lokaci ake yi, ya umurci malama ta zaunar da su suna kwafe haruffa. Ta haka sai ziyara ɗaya ta rushe abin da aka koya mata a wurin bita.

Abubuwan Da Ya Kamata Ya Koya

Na farko, matakan girman yaro: lokacin da ake sa ran ya zauna, ya yi tafiya, ya haɗa kalmomi, da alamun da ke nuna yana da matsalar ji ko gani.

Na biyu, koyarwa ta hanyar wasa da harshen uwa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 2013 ta ce a yi amfani da harshen uwa ko harshen yankin a wannan mataki. Tatsuniya, da kacici-kacici, da ƙirga tsakuwa ko marafan kwalba, darussa ne cikakku, ba su kuma bukatar kuɗi.

Na uku, lafiya da tsabta. Ya kamata ya iya karanta katin rigakafi, ya san ana yin allurar ƙyanda da wata tara, ana kuma shayar da nonon uwa zalla har wata shida. Ya iya nuna yadda ake haɗa ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ga yaro mai zawo, da yadda ake auna damtse da igiyar awo, wadda jan launinta ke nuna tamowa mai tsanani, sai a garzaya asibiti.

Na huɗu, ƙa'idojin wuri. Manufar 2013 ta sa mai reno ɗaya ga jarirai 10, malama ɗaya kuma ga yara 25 a ajin share fage. Ya duba iska, da inuwa, da ruwan sha, da bayan gida, da rijiyar da ba a rufe ba.

Na biyar, wanda shi ne mafi wuya, dabarar koyar da babba. Sufeton makarantu na da, tsoronsa ake ji, don haka akan ɓoye masa matsala. Jami'in taimako kuwa yakan zauna a bayan aji ya kalli darasi, ya fara da yabon abin da ya yi kyau, ya gyara abu ɗaya ko biyu a keɓe, ba a gaban yara ba, sa'an nan ya sa ranar da zai komo.

Yadda Ake Ba Da Horon

Hanyar da aka saba bi ita ce ta mataki-mataki: a horar da manyan masu horarwa, su horar da jami'an ƙananan hukumomi, su kuma su horar da masu reno. Hanyar tana da sauri da arha, amma tana da illa, domin saƙo kan ragu daga baki zuwa baki. Maganin haka shi ne taron makarantu maƙwabta a kai a kai, da gwada darasi tare da yara na gaske, da ziyara bayan an tashi bita. Ga mai neman ƙarin takarda, akwai fannin ilmin ƙananan yara a matakin NCE, akwai kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, inda ake karatu ba tare da an bar aiki ba. Asusun UNICEF, wanda ke da ofishi a Bauci, yana daga cikin ƙungiyoyin da ke tallafa wa horar da malamai.

Kira Ga Jama'a

Ana kira ga hukumomin ilmi su tura wa bita wanda zai yi aikin, ba wanda ke neman alawus ba, su samar masa abin hawa, kada kuma su canja masa wurin aiki da zarar ya gama kwas. Masu makarantun kuɗi su buɗe wa jami'ai ƙofa. Iyaye da masu unguwanni da kwamitocin makarantu kuwa suna da haƙƙin su tambayi shugaban makaranta: yaushe jami'i ya zo, me ya gyara, yaushe zai komo? In aka yi zangon karatu guda ba a ga kowa ba, sai a kai magana ofishin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wajibi ne hannun da ke tanƙwarawar ya samu mai nuna masa hanya.