Masu Yi wa Babur Ado a Lungunan Roxy

Duk wanda ya ambaci Roxy ta unguwar Ajame a birnin Abijan, magani ne zai fara faɗo wa mai sauraro a rai, gama tun da aka daina nuna majigi a tsohon gidan siliman da wurin ya gaji sunansa, matan da ke kasa ƙwayoyi a faranti da kwando suka mamaye shi, har ya zamana babu wata kasuwar maganin bakin titi da ta kai ta suna a duk ƙasar Kwaddibuwa. Kuma ko da yake a watan Mayu na 2017 'yan sanda da jandarmomi sun yi mata dirar mikiya, suka kwashe kimanin tan 40 na magani, ba a jima ba kwanduna suka koma mazauninsu. Amma ba magani ne ya komo da ni Ajame ba bayan daɗewar rabona da ita. Akwai wata sana'a a lungunan da ke bayan titin Nangui Abrogoua wadda 'yan jarida ba su kula ta, ita ce ta masu yi wa babur ado, kuma halin da na iske ta ciki ya isa a yi bayaninsa.

A zamanin da mutanenmu na Adar da Maraɗi da Katsina ke kwararowa kurmi neman halali, wasu suna dako a bakin jiragen ruwa, wasu suna fataucin goro, wasu suna tuyar kifin garba, alamar farko da ke nuna Allah ya buɗa wa mutum ita ce keke, sa'an nan Mobylette ko Peugeot P50, sa'an nan Yamaha, har aka kai ga Honda CG125 wadda ta fito a 1975, ta zama burin kowane saurayi. To, ba a komawa gida da babur tsirara. Kamar yadda ba a fito da dokin sarki ranar hawan salla sai an ɗora masa jalala da ɗan kai da likkafa ta azurfa, haka mai babur zai ƙetare gadar Houphouët-Boigny zuwa Tireshbil, ya sayo madubai da fitila da oda a kantunan Kwarori, ya kawo wa gwanaye a Ajame su ɗaura, maɗinki ya yi wa sirdi riga ta fata mai geza, mai fenti ya rubuta addu'a a jikin madigadi da hannunsa.

Daga cikin gwanayen nan saura ɗaya na tarar, wani dattijo Ba'adare, a wata rumfar kwano wadda in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a waje. Na same shi ya rungume tankin wata tsohuwar Yamaha a cinya, yana gurzarsa da samfefa cikin natsuwa irin ta mai jan tasbaha, ba ya ko ɗaga kai don hayaniyar 'yan motocin gbaka da ke kiran fasinja. Ba ya yarda ya shafa fenti a kan tsatsa. Sai ya kankare har ƙarfe ya fito fari, ya buge lotsawa daga ciki da 'yar guduma ta katako, ya shafa farkon shafi ya bar shi ya sha iska, kana ya ja siririn layin zinariya a gefen tanki da buroshi mai 'yan gasu kaɗan, numfashinsa a riƙe, ba tare da ya manna takarda ta yi masa jagora ba. Wayoyin ƙafa kuwa ɗaya bayan ɗaya yake ɗaure su, yana ƙyasta kowace da farce yana sauraron amonta, domin a wurinsa wayar da ta saki da wadda ta ɗame fiye da kima muryarsu ce ke tona musu asiri. Hakika na ga malamai masu tahaƙiƙi a kan mas'ala waɗanda ba su kai shi kiyaye ƙa'ida ba.

Abin da ya karya wannan sana'a sananne ne. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar sefa da rabi, kayan Faransa da na Japan suka ninka kuɗi a dare ɗaya, talaka ya koma neman na hannu. Sa'an nan fitinar da ta ɓarke a watan Satumba na 2002 ta raba ƙasar biyu, baburan Sin suka riƙa shigowa ta arewa ba mai tambayarsu kuɗin kwastan, suka cika Buwake da Korogo, daga bisani suka gangaro kudu, su Sanili da Haojue da Apsonic, na Indiya irin su Boxer da TVS suka biyo sahu. Tare da su kayan adonsu suka zo a kwali: fitilu masu walƙiya shuɗi da ja, sitika ta damisa, madubin roba da aka yi wa ruwan azurfa, salansa mai ƙara wadda ke hana maƙwabta barci. Yaro ɗan shekaran jiya ya isa ya ɗaura su duka kafin a yi kiran azahar, kafin damina ta fita kuwa sun ɓare sun koɗe. A da malamanmu na karantar da babin ciniki a Risala, inda aka haramta algus da ɓoye aibin haja, ana kuma naɗa muhtasibi ya duba mudu da sikeli. Yau ana miƙa wa mutum roba da sunan ƙarfe, mai sayarwa na rantsuwa da Allah, alhali shi da kansa bai san a wace masana'anta aka zuba ta ba.

Sai dai abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waɗanda ke riƙe da rumfar dattijon yanzu. 'Ya'yan masu hali ne daga unguwannin Kokodi da Markori, waɗanda suka ga hotunan baburan samarin Landan na wajen 1960 a wayoyinsu, irin su Triumph da Norton, suka ƙwallafa rai. Sai yaro ya zo da babur sabo fil, ya ce a ciccire robobinsa, a datse madigadi, a sa masa fitila zagayayya, a sauko da kai ƙasa, a ɗinka dogon sirdi shimfiɗaɗɗe na fata ruwan ƙasa, a naɗe salansa da ƙyalle, har wani ya roƙa a dusashe fentin don ya yi kama da wanda ya sha jiki.

Na ce, "Baba, ashe kasuwa ta dawo muku."

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, wace dawowa? Rayuwata duk na ƙare ta ina maida tsohon moto sabo, yanzu ga ɗiyan zamani na biyana in maida sabo tsoho. Ina yi musu, tun da kuɗɗinsu halal ne, amma wanga al'amari ban gane kansa ba."

Ni kam ina ganin akwai israfi a ciki, ko da yake ba zan ƙi faɗin cewa aikin, in ya fito daga hannunsa, yana da kyan gani ba.

Da na ga wasu madubai biyu zagayayyu rataye a ƙusa, na yi sha'awar kai wa ɗan ƙanena tsaraba, na tambayi kuɗinsu. Ya ce in taya. Na taya jika uku, ya ce albarka, bai ko dube ni ba. Na ƙara ɗaya, na kawo masa hujja cewa a bakin titi jika biyu ake sayar da irinsu. Sai ya ciro mayen ƙarfe daga aljihu, ya manna a bayan nasa ya kama ƙam, ya ce in je in gwada a na bakin titin, in ya kama ya ba ni waɗannan kyauta. Muka yi ta ja, ina kukan tsadar mota zuwa gida, yana kukan kuɗin haya da na tikitin kasuwa, ina tashi yana cewa in zauna, har muka daidaita a jika bakwai, ya sallama, ya yi mini gyara da noti biyu da wani tsumma na gogewa.

Abin da ke hana masu wannan sana'a barci yanzu ya wuce tsada. Tun da aka naɗa Ibrahim Cissé Bacongo gwamnan Abijan a ƙarshen 2023 ake ta rushe rumfuna da sunan tsabtace birni, a 2024 kuma aka hana talla a manyan tituna da tura amalanke, ga shi dama hukuma ba ta ƙaunar ɗan acaba a tsakiyar gari, mai babur kuwa kullum a tsaye yake gaban masu kaki ana tambayarsa takardu da hular kwano. Ba mai musun cewa Ajame na bukatar gyara, amma katafila ba ta bambanta rumfar mai algus da ta gwani, kuma wanda aka tasa yana da shekara saba'in ba ya sake kafa wata. Saboda haka ina roƙon sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwarmu na Ajame da Tireshbil su haɗa kai su nema wa irin waɗannan dattawa matsuguni mai takarda, su kuma tura musu yaranmu da ke zaman banza a tasha su koyi aikin tun masu shi suna da sauran gani.