Mutum kwance a bakin titi: a tsaya ko a wuce?

 Tambayar nan ba ta rabuwa da bakin jama'a a kasuwar Turu da tashar manyan motoci: ka taso daga kasuwa da kuɗin shanu a jikinka, magariba ta kawo jiki, sai ga mutum kwance a gefen kwalta, babur a yashe, wata mace tana ɗaga hannu tana kuka. Me za ka ce wa direba?

Duk wanda ya san hanyar Paraku zuwa Zugu ya san abin da ya sa tambayar take da nauyi. Tafiyar kilomita 130 ce da 'yan kai, amma daga an wuce Beteru akwai wuraren da daji ne hagu da dama, sai a yi nisa ba a ga wutar gida ba. Haka hanyar arewa take, ta Ndali da Bambarake zuwa Kandi. 'Yan tare hanya sun san ranar kowace kasuwa kamar yadda muka san ta, sun san wanda ya sayar a Gogunu ko Kolokonde ba iska ce a aljihunsa ba. Icce ko dutse a tsakiyar titi direba yana hango shi daga nesa ya juya. Mai rauni na ƙarya kuwa tausayinka yake farauta, kai da kanka za ka taka birki.

Sai dai kuma a faɗi gaskiya, yawancin waɗanda ake gani kwance a bakin titi da gaske suke. Babura sun yi yawa, tirelolin auduga ba sa ragawa kowa. Kowa yana tune da haɗarin Dasa na watan Janairun 2023, inda bas ɗin da ya tashi daga nan Paraku zuwa Kwatano ya yi karo da babbar mota ya kama wuta, mutum fiye da 20 suka rasu. Wanda ya ɗauki al'adar cewa shi ba ya tsayawa kowa, wata rana ɗan maƙwabcinsa zai wuce yana zubar da jini bai sani ba.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan magana a buɗe ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, a babin yanka, babin da ya fi kusa da sana'armu, an kawo hukuncin wanda ya iske dabbar farauta da sauran rai, yana da ikon yanka ta, ya wuce har ta zama mushe: biya ya hau kansa. Nan take aka haɗa shi da wanda ya ga rai ko dukiyar wani za su halaka, yana iya ceto, ya ƙi. To in a kan dabba an ce haka, ina ga ɗan Adam? Amma a lura da sharaɗin, wato iko. Shari'a ba ta ɗora maka ka miƙa wuyanka ga mai bindiga ba, balle ka jefa direba da karen mota da masu kula da shanun da ke bayan mota. Dokar ƙasa ma, wadda muka gada daga tsarin Faransa, kusan nan ta tsaya: ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari laifi ne, matuƙar taimakon ba zai jefa ka ko wasu cikin haɗari ba, kuma kiran masu agaji shi ma taimako ne a idon doka.

Nan ne nake ganin muhawarar tasha take kuskure. Ana maganar kamar hanya biyu ce kawai, ko ka tsaya a kan mutumin ka sauka, ko ka rufe ido ka wuce. Akwai ta uku, kuma da dare ita na fi yarda da ita. Direba ya rage gudu, kada ya kashe mota, a duba da kyau, a wuce kamar mita 200 ko 300 inda fili yake, ƙofofi a kulle. Daga nan a kira 'yan kwana-kwana a lamba 118, ko kumsariya mafi kusa. Tun 2018 da aka haɗe jandarma da 'yan sanda suka zama runduna guda, ofishi ɗaya ne za ka nema, sai dai kowane direba ya kamata a ce yana da lambar kumsariyar garuruwan da yake ratsawa. In babu layi, a ƙarasa ƙauyen gaba, a tayar da mai gari ko matasan zango, a dawo da mutane da fitilu. Mai raunin gaske minti goma ya ƙara jira. Mai tarko kuwa ba ya jiran taro.

Alamu fa? Suna taimakawa, amma kada a rantse da su. Haɗarin gaske yakan bar shaida: fasasshen gilashi, sawun birki, takalmi can gefe, mutanen gona sun fara taruwa. Abin da ke sa ni ɗar-ɗar shi ne wurin da aka zaɓa, kamar kan kwana, bakin gada, ko hawan da babbar mota dole ta ja jiki, ga ciyawa ta fi mutum tsawo. Sai kuma mai neman taimakon da ya bar ƙananan motoci suka wuce, ya tsaya sai motar shanu, ko ya dage lallai sai ka biyo shi cikin daji wai ɗan'uwansa yana can. Da rana tsaka a cikin gari kuwa, ga jama'a, babu wani uzuri. A tsaya.

In an tabbatar na gaske ne, kada a fizge shi a jefa mota kamar buhun masara, musamman in yana kukan wuya ko baya. A danne inda jini ke fita da rawani ko tsumma mai tsabta, wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa. Ga babban asibitin Paraku, ga na Boko a hanyar Ndali, ga na Zugu. Masu tsoron kada a ce su suka kaɗe shi, maganin abin shi ne a kira hukuma kafin a ɗauka, a kuma tafi da shaida ɗaya daga mutanen wurin.

Sauran magana tana hannunmu tun kafin mota ta tashi. Kakanninmu da suka bi wannan ƙasa ta Bargu da jakuna zuwa Gwanja sayen goro, ta Nikki da Zugu, ba su taɓa tafiya ɗai-ɗai ba. Ayari ne da madugu, shi ya sa suke iya tsayawa su ɗauki wanda ya faɗi. Motoci uku a jere suna iya abin da mota ɗaya ba za ta iya ba: ɗaya ta tsaya, biyu su haska. Kuɗi kuma a zuba su a banki ko a MoMo tun a kasuwa, ko da kuɗin cirewa yana cizo. Wanda ke ɗaure da miliyan biyar a ƙugu, kowa ya gani a hanya ɓarawo ne a wurinsa.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan a zama mai zuwa: a haɗa takarda guda mai lambobin kumsariya da na sarakunan zango daga Turu har Zugu, daga Ndali har Kandi, a liƙa ta a gaban kowace motar da ke ɗaukar mana dabbobi. Wassalam.