Dokar 2020 kan miyagun ƙwayoyi: ina kuɗin magani?

Jama'ar zango, da yawanmu ba mu san cewa tun 2020 Majalisar Gana ta sauya dokar miyagun ƙwayoyi ba. Tsohuwar dokar 1990 tana kai mai shan ƙwaya kurkuku na shekaru. Sabuwar, mai lamba 1019, ta ce wanda aka kama da abin da zai sha shi kaɗai tara ce a kansa, sidi 2,400 zuwa 6,000, sai in ya kasa biya a ɗaure shi. Mai sayarwa kuwa hukuncinsa na nan da tsanani.

Dokar ta kuma amince da abin da ake kira rage illa. Ma'anarsa, wanda bai iya bari ba tukuna a tsare ransa har ya bari: a ba mai yin allura sabuwa don kada ya kwashi ƙanjamau ko ciwon hanta, a gwada jininsa, a ajiye maganin naloxone mai farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar masa da numfashi. Senegal ta buɗe irin wannan cibiya a Dakar tun 2014.

Na san wasu iyayenmu da malamai za su ce wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. Damuwarsu ba wasa ba ce. Amma yaron da tiramol ko jar ƙwaya ta kashe ba ya jin wa'azi kuma. Mai rai ake wa nasiha.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Dokar ta kafa asusun gyaran masu shaye-shaye, amma asusu a takarda ba ya biyan nas. Yau uwa a Nima ko Aboabo da ke son a kwantar da ɗanta a Pantang ko Ankaful, daga aljihunta za ta biya, na masu zaman kansu kuma sun fi tsada. A ƙasashenmu galibin wannan aiki da tallafin waje ake yinsa, ranar da mai bayarwa ya janye sai a rufe ƙofa.

Don haka in ɗan majalisarku ya zo suna ko ɗaurin aure, bayan gaisuwa ku tambaye shi nawa aka sa wa asusun nan a kasafin bana, kuma nawa aka saki.